Lamunin Karatu na Gwamnatin Tarayya: Yadda Ɗalibin Maiduguri Zai Nema da Abin da Zai Hau Kansa

Lamunin karatu bashi ne da gwamnatin tarayya ke bai wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati domin su biya kuɗin makaranta, su kuma sami abin kashewa na yau da kullum, da sharaɗin za su biya bayan sun gama karatu sun fara samun abin hannunsu. Hukumar da ke kula da shi ita ce Asusun Ba da Lamunin Karatu na Najeriya, wanda aka fi sani da NELFUND, mai hedkwata a Abuja. Ba a ɗora wa bashin kuɗin ruwa, ba a neman jingina, ba a kuma neman wanda zai tsaya wa ɗalibi. Ta intanet ake nema, kuma neman kyauta ne. Jami'ar Maiduguri na cikin makarantun da ɗalibansu suka fi kowa rungumar shirin tun da aka buɗe shi a 2024, saboda haka sanin ƙa'idojinsa ya zama wajibi ga iyaye da ɗalibai a Borno.

Asalin shirin

Ba wannan ne karon farko da Najeriya ta gwada bai wa ɗalibai bashi ba. A 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, an kafa hukumar ba ɗalibai rance, wadda ta yi shekaru tana rabon kuɗi. Mafi yawan waɗanda suka karɓa ba su biya ba, hukumar kuma ba ta da hanyar bin sawunsu bayan sun bar makaranta, har asusun ya ƙafe. A 1993 aka yi dokar kafa Bankin Ilimi domin ya gaje ta, shi ma bai kai labari ba. Daga nan maganar ta kwanta kusan shekara talatin.

Femi Gbajabiamila ne ya sake tayar da ita a Majalisar Wakilai, kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar ranar 12 ga Yunin 2023, makonni biyu bayan hawansa mulki. Sai dai wannan doka ta zo da sharuɗɗa masu tsauri. Dole kuɗin shigar iyalin ɗalibi ya gaza naira 500,000 a shekara, sannan ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati, ko lauyoyin da suka daɗe suna aiki, ko alƙalai. Ɗan talakan da aka yi shirin dominsa shi ne wanda ba ya da irin waɗannan mutane a danginsa. Saboda koke-koken da suka biyo baya, majalisa ta soke dokar ta yi sabuwa, shugaban ƙasa ya sa mata hannu ranar 3 ga Afrilun 2024. Sabuwar dokar ta cire sharaɗin kuɗin shigar iyali, ta cire masu tsayawa, ta kuma daina hukunta ɗalibi saboda bashin da iyayensa suka kasa biya. An naɗa Akintunde Sawyerr ya shugabanci asusun, Jim Ovia kuma ya zama shugaban hukumar gudanarwarsa. Ranar 24 ga Mayun 2024 aka buɗe shafin nema, da farko ga ɗaliban makarantun tarayya, daga baya aka shigo da na jihohi. Cikin shekara guda masu nema suka haura 500,000.

Dalilin da ya sa Maiduguri ta yi fice

Duk lokacin da asusun ya fitar da jerin makarantun da suka fi yawan masu nema, Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano suna sahun gaba. Wanda ya san halin da Borno ta shiga ba zai yi mamaki ba. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gonakinsu da kasuwanninsu. Iyalai daga Bama, Gwoza, Dikwa, Marte, Kukawa, Abadam da sauran ƙananan hukumomi suka kwararo cikin birni, wasu a sansanonin 'yan gudun hijira, wasu a gidajen 'yan uwa. Kasuwancin kifi na Baga da fataucin kan iyaka ta Gamboru da Banki, waɗanda suka ɗauki nauyin karatun yara da yawa a da, sun daɗe a durƙushe. Yaran da suke firamare lokacin da aka gudo su ne yau suke ƙofar jami'a, kuma da yawa daga cikinsu marayu ne ko 'ya'yan zawarawa.

A kan wannan sai tsadar karatu ta ƙaru. Bayan yajin aikin wata takwas da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi a 2022, jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista, kuma Jami'ar Maiduguri na cikin na farko-farko. Cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 ya ninka kuɗin Keke Napep da na abinci. Sannan ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye unguwanni irin su Gwange, Fori da Shehuri, ta shiga Kasuwar Monday, ta lalata jarin 'yan kasuwar da ke biya wa 'ya'yansu makaranta. A irin wannan yanayi, kuɗin rajistar shekara guda kan isa ya sa yaro mai ƙoƙari ya ajiye karatu.

Birnin kuma cike yake da manyan makarantu. Akwai Jami'ar Maiduguri a kan hanyar Bama, wadda aka kafa a 1975, wadda kuma a Yulin 2025 shugaban ƙasa ya sanar da sauya mata suna zuwa Jami'ar Muhammadu Buhari. Akwai jami'ar jiha a Njimtilo, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, da Kwalejin Ilimi ta Kashim Ibrahim, da Kwalejin Shari'a da Nazarin Addinin Musulunci ta Mohammed Goni, da Kwalejin Aikin Gona ta Mohamet Lawan. A wajen birni akwai Jami'ar Soja ta Biu, da Kwalejin Ilimi ta Waka-Biu, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Monguno.

Wanda ya cancanta

Sharaɗi na farko shi ne mai nema ya zama ɗan Najeriya da ya riga ya sami gurbin karatu a babbar makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha: jami'a, ko kwalejin kimiyya da fasaha, ko kwalejin ilimi. Ba a bayar da lamunin domin neman gurbi, sai ga wanda ya riga ya shiga. Ɗaliban makarantu masu zaman kansu ba sa ciki, haka masu karatu a ƙasashen waje da masu neman digiri na biyu ko na uku. Sabon ɗalibi da wanda ya yi nisa a karatu duk suna iya nema. Babu bambancin jiha, addini ko ƙabila, kuma ba a duba fannin da mutum yake karanta.

Sharaɗi na biyu ba a hannun ɗalibi yake ba. Dole makarantarsa ta tura sunayen ɗalibanta da lambobinsu da adadin kuɗin da kowane sashe ke biya zuwa rumbun bayanan NELFUND. Idan makaranta ba ta tura ba, ko ta tura da kuskure, shafin ba zai gane ɗalibin ba ko da takardunsa duka daidai suke. Wanda ya gamu da wannan matsala, ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta na makarantarsa zai nufa, domin a can ne gyaran yake.

Akwai kuma waɗanda aka haramta wa. Wanda aka tabbatar ya ci bashin wata cibiyar kuɗi ya ƙi biya, da wanda makaranta ta kora saboda satar jarrabawa ko takardun bogi, da wanda kotu ta samu da laifin zamba, ko miyagun ƙwayoyi, ko wani babban laifi, duk ba su da rabo. Yin ƙarya a cikin takardar nema laifi ne da doka ta tanadar wa hukuncin ɗauri.

Kashi biyu na lamunin

Kashi na farko shi ne kuɗin makaranta. Wannan ba ya bi ta hannun ɗalibi ko kaɗan. Asusun yana tura shi kai tsaye zuwa asusun makarantar, gwargwadon adadin da ita makarantar ta bayyana. Ɗalibin likitanci, wanda kuɗin rajistarsa ya fi yawa, bashinsa zai fi na ɗalibin tarihi ko na harsuna.

Kashi na biyu shi ne kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusun bankin ɗalibi. Wannan na zaɓi ne: mutum na iya neman kuɗin makaranta kaɗai ya bar shi. Ɗalibai kan kira shi alawus, amma sunan na iya ruɗar mutum, domin ba kyauta ba ne. Kowace naira da ta shigo ana rubuta ta a kan bashin da za a biya. A shekarun karatu huɗu, wannan kashi kan zarce kuɗin makarantar kansa a yawancin fannoni. Ɗalibin da ke zaune a gidan iyayensa a Mairi ko Dalori, kusa da jami'a, yana cin abincin gida, lissafinsa daban yake da na wanda ya zo daga Biu ko Askira yana haya yana ciyar da kansa. Na farkon zai iya rage wa kansa nauyi mai yawa idan ya tsaya a kan kuɗin makaranta.

Lamunin na shekarar karatu ɗaya ne. Wanda ya samu a aji ɗaya, sai ya sake nema idan ya shiga aji biyu, kuma asusun kan sanar da lokacin buɗewa da rufe shafin ga kowace shekara.

Takardun da ake buƙata

Abubuwan da ake tambaya ba su da yawa: lambar rajistar JAMB, lambar shaidar zama ɗan ƙasa wato NIN, lambar tantancewa ta banki wato BVN, lambar ɗalibi da makaranta ta bayar, takardar shaidar samun gurbin karatu, katin shaidar ɗalibi, da asusun banki mai ɗauke da sunan mai nema. Sai adireshin imel da lambar waya waɗanda ke aiki kuma suke hannun ɗalibin kansa.

Inda aka fi samun cikas shi ne rashin daidaiton bayanai. Na'ura ce ke kwatanta abin da ke rumbun JAMB da na hukumar katin ɗan ƙasa da na banki da na makaranta, kuma ba ta san al'adar suna ba. A Borno abu ne sananne a kira mutum Modu a gida alhali takardarsa ta ce Muhammad, ko Bukar a maimakon Abubakar, ko Falmata a maimakon Fatima. Sunan Muhammad kaɗai ana rubuta shi ta hanyoyi da dama a boko. Wani ya sa sunan mahaifi a gaba a wata takarda, ya sa shi a baya a wata. Wani ya ɗauki sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe a JAMB, amma a banki sunan kakansa ya bayar. Ranar haihuwa ma haka: waɗanda aka haifa a ƙauye ba tare da takarda ba, ko takardunsu suka ƙone lokacin gudun hijira, ko ambaliya ta tafi da su, sukan ba da ranaku mabambanta a wurare daban-daban. Duk irin wannan saɓani na iya tsayar da nema.

Saboda haka aikin farko shi ne ɗalibi ya jera takardunsa ya duba su harafi bayan harafi tun kafin a buɗe shafin. Gyaran NIN a hukumar katin ɗan ƙasa, wato NIMC, ake yinsa, gyaran BVN a bankin mutum, kuma sau da yawa sai an haɗa da takardar rantsuwa daga kotu. Gyaran yana cin lokaci, wani lokaci makonni. Wanda ya jira sai ranar ƙarshe zai iya rasa shekarar gaba ɗaya. Haka kuma wanda ya shiga makaranta ta wata hanya ba tare da gurbinsa ya hau rumbun JAMB ba, sai ya fara daidaita matsayinsa da hukumar ta hannun makarantarsa.

Matakan nema

Ana shiga shafin asusun ne a adireshin nelf.gov.ng. Matakin farko buɗe rajista: ɗalibi ya tabbatar shi ɗan Najeriya ne, ya zaɓi makarantarsa, ya sa lambarsa ta ɗalibi da ta JAMB da NIN. Idan bayanan sun dace da abin da makaranta ta tura, sai ya sa imel da lambar sirri, a aiko masa saƙon tabbatarwa ta imel ɗin. Mataki na biyu cike bayanan kai: adireshi, jiha da ƙaramar hukuma, lambar waya, BVN da lambar asusun banki. Mataki na uku shi ne neman lamunin kansa, inda zai zaɓi ko kuɗin makaranta kaɗai yake so ko har da kuɗin kashewa, ya ɗora hoton takardar gurbin karatu da katin shaida, ya karanta yarjejeniya ya amince.

Yin rajista daban, neman lamuni daban. Ɗalibai da yawa sun tsaya a matakin farko suna jiran kuɗi, alhali ba su miƙa buƙata ba. A cikin yarjejeniyar kuma akwai sashen da ɗalibi ke ba da izinin a ciri kuɗi daga duk wani asusun banki da ke haɗe da BVN ɗinsa idan lokacin biya ya yi ya ƙi biya. Wannan sashe na cikin tsarin da Babban Bankin Najeriya ya kafa domin bin masu taurin bashi, kuma ya kamata a fahimce shi kafin a amince.

Wanda ba shi da babbar waya ko kwamfuta yakan je shagon intanet a cike masa. Babu laifi a hakan, amma akwai haɗari. Kada a bar mai shago ya yi amfani da imel ɗinsa ko lambar wayarsa, kada a bar masa lambar sirri, kuma ɗalibi ya tsaya ya ga lambar asusun da aka rubuta da idonsa. Abin da mai shago ya cancanta shi ne ladan aikinsa kawai. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu domin ya sa a amince da nema, ko ya aiko saƙon WhatsApp mai wani adireshi dabam yana tambayar lambar katin cirar kuɗi, ɗan damfara ne.

Bayan an miƙa buƙata

Asusun kan tantance bayanai, ya mayar wa makaranta ta tabbatar cewa mai neman ɗalibinta ne kuma adadin kuɗin daidai ne, sannan a amince a biya. Ɗalibi na iya bin matsayin buƙatarsa a shafinsa. Lokacin da wannan ke ɗauka ya danganta da saurin makarantar wajen tabbatarwa, kuma sau da yawa kalandar makaranta ba ta jira. Ta haka ne ɗalibai da dama kan ranto kuɗi su biya rajista don kada a rufe, daga baya kuɗin asusun ya iso makaranta. A wannan hali an biya kuɗin shekara ɗaya sau biyu, kuma haƙƙin ɗalibi ne makaranta ta mayar masa da abin da ya biya, tunda bashin a kansa aka rubuta. A 2025 an yi ta samun ƙorafi a sassan ƙasar cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba, ko sun yi jinkirin mayarwa, har Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa da hukumar ICPC da Ma'aikatar Ilimi suka shiga maganar. Kariyar ɗalibi ita ce ya adana rasidin duk abin da ya biya, ya buga shaidar amincewa daga shafinsa, ya kai buƙatar mayarwa a rubuce ofishin kuɗi na makaranta, ya riƙe kwafi.

Yadda ake biya

Biya na farawa ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. Mai aikin albashi, wurin aikinsa ne zai riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa duk wata ya tura wa asusun, kuma doka ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata wannan nauyi. Mai sana'ar kansa kashi 10 cikin 100 na ribarsa ta wata zai riƙa bayarwa. Wanda ya sami hali yana iya biya da wuri, ko ya biya duka lokaci guda. Wanda wa'adin ya cika bai sami aiki ba, yana iya neman a ɗaga masa ƙafa ta hanyar takardar rantsuwa cewa ba shi da kuɗin shiga. Idan mai bashi ya rasu, ko wata larura ta hana shi neman abinci har abada, doka ta ba da damar a yafe, ba a bin iyayensa ko magadansa.

Misali zai fayyace lissafin. A ɗauka ɗalibi ya gama karatu da bashin naira 1,000,000, ya sami aikin da ke biyan naira 100,000 a wata. Za a riƙa cire masa naira 10,000, ya gama biya cikin wata 100, wato shekara takwas da wata huɗu. Idan albashinsa mafi ƙarancin albashi ne na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, naira 7,000 za a riƙa cirewa, biyan ya kai kusan shekara goma sha biyu. Da ya tsaya a kan kuɗin makaranta kaɗai bashin ya zama naira 400,000, da albashin naira 100,000 zai gama cikin shekara uku da wata huɗu. Adadin bashin ba ya ƙaruwa komai tsawon lokacin, domin babu ruwa a kansa.

Matsayinsa a addini

A gari irin Maiduguri, mai daɗaɗɗen tarihin karatun Alƙur'ani da fiƙihu, tambayar farko da iyaye kan yi ita ce ko akwai riba a ciki. Abin da shari'a ta hana shi ne ƙarin da ake shardantawa a kan bashi. Rancen da za a mayar daidai yadda aka karɓa halal ne, malamai ma suna lissafa bayar da shi cikin ayyukan lada. Rashin kuɗin ruwa na cikin dalilan da suka sa shirin ya karɓu a Arewa. Amma addinin da ya halatta rancen shi ne kuma ya tsananta maganar biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take. Tunanin cewa kuɗin gwamnati ba shi da mai shi ba ya da gurbi a nan. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka cinsa ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mai hali ya ƙi biya.

Tushen kuɗin da muhawarar da ake yi

Dokar 2024 ta ware wa asusun kashi 1 cikin 100 na harajin da hukumar tara haraji ta tarayya ke karɓa, ban da abin da majalisa za ta ware a kasafin kuɗi, da gudunmawa, da kuɗin da tsofaffin ɗalibai za su mayar. A Agustan 2024 gwamnati ta sanar da ƙara masa naira biliyan 50 daga kuɗin da hukumar EFCC ta ƙwato. Tunda babu ruwa a kan bashin, hauhawar farashi na rage darajarsa. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100. Nairar da aka ranta yau ba za ta sayi abin da take saya ba ranar da za a mayar da ita. Wannan sauƙi ne ga ɗalibi, amma yana nufin asusun ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai gwamnati ta ci gaba da zuba masa kuɗi, sannan waɗanda suka karɓa sun biya.

Ƙungiyar ASUU ta soki shirin tun farko. Hujjarta ita ce a ƙasar da masu digiri ke yawo ba aiki, ɗora wa matashi bashi ba mafita ba ce, gara a ba 'ya'yan talakawa tallafin da ba a mayarwa, a kuma ƙara wa jami'o'i kuɗi. Tana kuma fargabar lamunin zai zama hujjar ƙara kuɗin makaranta. Masu goyon baya na cewa tallafi ba zai taɓa isar kowa ba, bashi mai juyawa kuwa yana iya ɗaukar ɗalibai zubi bayan zubi. Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya nuna kowane ɓangare na da abin kamawa. A Amurka, inda bashin karatu ke da ruwa, jimillarsa ta haura dala tiriliyan 1.6, mutane da yawa na biya har tsufa. Ostireliya tun 1989 ta ɗaure biya da yawan abin da mutum ke samu, ana cirewa ta hanyar haraji, Ingila ma ta bi irin wannan hanya. Kenya ta kafa hukumarta ta lamunin karatu a 1995, Ghana a 2005, kuma dukansu sun sha fama da masu ƙin biya. Tsarin Najeriya ya fi kama da na Ostireliya da Ingila wajen ɗaure biya da kuɗin shiga. Babban ƙalubalensa shi ne yawancin 'yan ƙasa ba albashi suke ɗauka ba, don haka gaskiyar mai sana'a wajen bayyana ribarsa ita ce za ta yanke hukunci. Lambobin NIN da BVN sun ba asusun hanyar bin sawu wadda hukumar 1972 ba ta samu ba.

Lamuni da sauran hanyoyin taimako

Lamunin bai rufe sauran ƙofofi ba. Gwamnatin Borno na da hukumar ba da tallafin karatu ga 'yan asalin jihar, kuma gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum, wanda ya koyar a Jami'ar Maiduguri ya kuma shugabanci Kwalejin Ramat, ta ba wannan fanni muhimmanci, musamman ga masu karatun likitanci, jinya da injiniyanci. Akwai hukumar tallafin karatu ta tarayya, da asusun PTDF ga masu fannonin da suka shafi man fetur, da tallafin kamfanoni da ƙungiyoyi. Duk waɗannan ba a mayar da su, saboda haka su ya kamata a fara nema, lamuni ya cike abin da ya rage.

Akwai kuma abin da lamunin ba ya magancewa. Naira 20,000 ba ta isa haya da abinci da kuɗin mota da littattafai a Maiduguri ta yau, don haka hannun iyaye da 'yan uwa, ko wata ƙaramar sana'a, ba su daina zama dole ba. Wanda ya karɓa ya bar karatu a tsakiya, ko aka kore shi, bashin na nan a kansa ba tare da takardar da za ta taimake shi biya ba. Shi ya sa shawarar nema ta iyali ce gaba ɗaya: a zauna da ɗalibi a lissafa kuɗin kowace shekara, a ga abin da gida zai iya ɗauka, a ranci gwargwadon giɓin da ya rage. Ga 'ya'ya mata, waɗanda sukan fara zama a gida idan kuɗi ya gaza, da marayun da rikici ya bari, wannan lissafi na iya zama bambanci tsakanin kammala karatu da barinsa. Ɗorewar shirin kuma ta rataya ne a kan abu uku: makarantu su tura bayanai a kan lokaci su riƙe amanar kuɗin, gwamnati ta cika alƙawarin zuba kuɗi, waɗanda suka amfana kuma su biya idan lokaci ya yi domin ƙannensu su sami abin ranta.